Babi Na Shida: Kayan Ajiyewa Da Kayan Zubarwa

Mutanen da suka koma birnin New Orleans na Amurka a watan Oktoban 2005 sun tarar da wani irin baje-koli a bakin tituna. Firji ne jere, ƙofa bayan ƙofa, kowanne an naɗe shi da salatif don kada wani ya yi gangancin buɗewa. Kusa da su ga katifu, ga kujerun kushin, ga kafet da littattafai an tsiba. Guguwar Katrina ta afka wa yankin ranar 29 ga Agusta, katangun da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Ruwa ya yi makonni bai janye ba, babu wuta, gidaje a kulle, ga zafi. Ko da masu gida suka dawo, fumfuna ta riga su tarewa.

A wannan watan ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta duba gidaje 112 a yankin. A 51 daga cikinsu an ga fumfuna ƙuru-ƙuru, a 19 kuwa ta yi mummunar mamaya. Kowane mai gida sai da ya tsaya a tsakiyar kayansa yana yanke hukunci: wannan a wanke, wannan a fitar.

Irin wannan tsayuwa ce ta samu dubban magidanta a Maiduguri bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Ba ma sai an yi ambaliya ba. Rufi mai yoyo a markar Agusta ya isa, haka famfon da ke tsiyaya cikin bango, ko ɗakin da ba shi da taga. Hukuncin yakan fi tsanani idan akwai wanda ya riga ya kwanta ciwo a gidan, domin a lokacin kuskure ɗaya na iya mayar da shi asibiti, tsoro kuma na iya sa a zubar da dukiyar da wanki kawai take buƙata.

A fara da ruwan

Awaab Ishak yaro ne ɗan shekara 2, iyayensa 'yan asalin Sudan, suna zaune a wani gidan haya a garin Rochdale na Ingila. Tun 2017 mahaifinsa ya kai ƙorafin fumfunar da ke bangon gidan, aka ce masa ya shafe ta da fenti. Ya shafa, ta dawo. Yaron ya rasu a Disamban 2020, kuma a Nuwamban 2022 jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa ciwon numfashin da ya kashe shi daga daɗewa cikin fumfuna ne. Majalisar Birtaniya ta yi doka a 2023 da ake kira da sunansa, wadda ta tilasta wa hukumomin gidajen haya na jama'a gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci.

Abin da likitoci suka tabbatar ba ɓoyayye ba ne. Rahoton cibiyar nazarin lafiya ta Amurka na 2004 da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 duk sun danganta zama a ɗaki mai danshi da tari, toshewar hanci, numfashi mai fito da tashin asma. Masu raunin garkuwar jiki, kamar masu shan maganin daji, suna iya kamuwa da fumfunar Aspergillus a huhu. Wanda ya taɓa yin tarin tibi ma yana cikin haɗari, domin ciwon kan bar rami a huhu, fumfunar ta samu wurin zama.

Darasin gidan su Awaab ga mai tantance kaya shi ne kada ya fara da kayan. Muddin bango na tsattsafo, sabuwar katifar da aka sayo yau za ta bi sahun tsohuwar kafin damina ta fita. Irin fumfuna yana yawo a iskar kowane gida a duniya, ba mai iya kore shi. Ruwa kawai yake jira. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba da shawarar a riƙe laimar iskar ɗaki ƙasa da kashi 60 cikin 100, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48. Bayan wannan wa'adi, a ɗauka cewa tsiro ya fara ko da ido bai gani ba.

Mai shan ruwa da marar sha

Abin da ido ke gani a jikin kaya, baƙi ko kore ko fari, saman fumfuna ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai siraran zare-zare da take kutsawa da su cikin abin da take ci. Manomi ya san halin ciyawar aya-aya: a sare kanta yau, jibi ta fito, domin gindin yana ƙasa. To makomar kowane kaya ta rataya ne a kan ko zaren ya samu hanyar shiga cikinsa.

Tangaran, gilashi, kwanon samira, tukunyar ƙarfe, bokitin roba, gadon ƙarfe, cokula da zinare ba su da ƙofar shiga. Abin da ke kansu ƙura da maiƙo fumfunar ke ci. A wanke da ruwa da omo, a goge sosai, a shanya su bushe ƙayau, shi ke nan. Jeren kwanukan da uwa ta bar wa 'yarta ba shi da dalilin barin gida.

Katifar soso, matashin kai, kujerar kushin, kafet mai kauri, silin na kwali da akwatin kwali su ne ɗaya ɓangaren. Idan fumfuna ta bayyana a kansu, ko suka wuce kwana biyu a jiƙe, ko ruwan ambaliya ya shige su, to sun tafi. Ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne tsantsa, ya gauraya da kwata da masai da mushe. Mutane kan baza katifa a rana kwana uku, su ji saman ya bushe, su mayar da ita kan gado. Rana ba ta kai wa tsakiyar soso, kuma ko da zafi ya kashe fumfunar, gawarta tana nan. EPA ta yi gargaɗin cewa matacciyar fumfuna ma tana tayar da ciwo ga mai asma, don haka kashewa ba ta wadatar, sai an raba ta da kayan. Ba a iya raba ta da soso. Ga shi kuma a kan katifa da matashi ne mutum ke kifa fuskarsa dare duka.

Katako yana tsakiya, kuma iri biyu ne. Katako na ainihi, irin na tsofaffin gadaje da ƙofofi, ana gogewa, a kankare wurin da ya yi baƙi, a busar a inuwa mai iska don kada ya tsage. Amma yawancin wadrob da gadajen da ake yi wa amare yanzu da garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. Wannan da ya sha ruwa sai ya kumbura, ya riƙa marmashewa. Wanda gindinsa ya kumbura ya gama aiki. A juya kowane kabad a duba bayansa, domin can ne ke jingine da bango, kuma can ne ba a shafa wa komai.

Muciya, akushi, ƙwarya da faifai da fumfuna ta kama a rabu da su, tunda abinci suke taɓawa kuma ba su da tsada. Tabarmar roba a wanke, ta kaba a fitar.

Tufafi da fata

Tambayar tufafi tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Firistoci na Attaura, a sura ta 13, ya tsara yadda za a yi da rigar ulu ko ta lilin ko kayan fata da wani tabo kore ko ja ya fito musu: a keɓe kwana bakwai, idan ya yaɗu a ƙone, idan bai yaɗu ba a wanke a sake keɓewa. Masu fassara da dama suna ɗaukar tabon a matsayin fumfuna. Tsarin bai yi nisa da na yau ba.

Atamfa, shadda, zanen gado da labule duk suna wankuwa. A fara kakkaɓe su a waje, nesa da taga, mai kakkaɓar yana sanye da takunkumi. A wanke da ruwa mafi zafi da yadin zai iya ɗauka, a shanya a rana, a goge da dutsen guga. Sannan a bar hanci ya yi alƙalanci: rigar da ta bushe amma warin fumfunar yana nan a sake wanke ta, idan ya ƙi fita a karo na biyu a haƙura da ita. Tabo kaɗai ba laifi ba ne, yakan zauna bayan fumfunar ta tafi. Abin da ya kamata mai babbar riga ya sani shi ne sitaci abincin fumfuna ne, saboda haka kayan da za a adana a akwati har bayan damina a ajiye su ba sitaci.

Fata tana saurin kamuwa amma takan tsira idan an farga da wuri. Takalmi, jaka da gafaka ana goge su da tsumma mai ɗan danshi, a busar a inuwa. Wanda fumfuna ta shiga cikin shafinsa na ciki, ko buzun da ta kama gashinsa har gindi, ba ya komawa ɗakin marar lafiya.

Abin da kuɗi ba ya saye

A nan ne hukunci ke zama da ciwo: takardar fili, shaidar kammala makaranta, hoton mahaifin da ya rasu, littattafan kaka. Takarda tana shan ruwa kamar soso, kuma fumfuna na son ta fiye da komai. A bisa ƙa'idar da ta gabata, zubarwa ce makomarta. Masu kula da ɗakunan karatu ne suka samo mata wata hanya, kuma bala'i ne ya koya musu.

Ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya cika ya afka wa birnin Florence na Italiya. A babban ɗakin karatu na ƙasa kaɗai, littattafai da takardu kusan miliyan 1.3 ne suka sha ruwa da laka. Matasa 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama suka yi ta miƙa littafi hannu da hannu, ana tsere da fumfuna. Yawancin dabarun ceton takarda da ake koyarwa yau daga can suka samo tushe. Shekara 20 bayan haka, ranar 29 ga Afrilun 1986, gobara ta tashi a babban ɗakin karatu na Los Angeles. Littattafai 400,000 suka ƙone, wasu 700,000 suka jiƙe da ruwan 'yan kwana-kwana ko hayaƙi ya ɓata su. Sai aka kwashe jiƙaƙƙun zuwa rumbunan sanyi na 'yan kasuwar kifi da kayan abinci, aka daskarar da su. Sanyi ba ya kashe fumfuna, amma yana tsayar da ita cak har a samu sukunin busarwa.

Ko ba ruwa ma, sauyin wuri kaɗai ya isa. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye Timbuktu a 2012, Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa sun fitar da dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu a ɓoye zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe. Takardun da suka yi ƙarnuka lafiya a busasshiyar iskar bakin Sahara sai ga su cikin laimar kudu, aka shiga neman na'urorin tsotse danshi da akwatunan adana na musamman.

Mai gida zai iya kwaikwayon waɗannan ƙwararru daidai ƙarfinsa. Littafin da ya jiƙe a tsayar da shi a buɗe a gaban fanka, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Inda wuta ke tsayawa, wanda ba za a iya busarwa cikin kwana biyu ba a sa shi a leda a jefa a firiza. Hotuna a raba su tun suna jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shimfiɗa fuska sama, domin idan suka bushe a manne ba sa rabuwa. Kada a goge fumfuna tana ɗanya, shafa ta kawai za a yi cikin takardar. A bari ta bushe ta zama gari, sannan a share da buroshi mai laushi a waje.

Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan malamai na da suna da nasu sharaɗi. Tawadar gargajiya ruwa na wanke ta, don haka ba a kusantar da su da ko ɗigo. Sa'ar da aka yi ita ce ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke, ana iya shimfiɗa kowace ita kaɗai a inuwa. Kalmar da marubuta kan sa a ƙasan shafi, wadda ke nuna farkon shafi na gaba, za ta taimaka wajen mayar da su a jere. Bugaggen Alƙur'anin da ya lalace har ba ya karantuwa kuwa, malamai sun yi bayanin a binne shi a wuri mai tsarki ko a ƙone shi cikin girmamawa, ba a haɗa shi da shara.

Duk takardar da aka ceto a ɗauki hotonta da waya. Ta asalin kuma, bayan ta bushe sarai, a sa ta a akwatin roba mai murfi, a ajiye a wani ɗaki dabam da na marar lafiya.

Buhun da ke cikin sito

Hatsi ne kayan da aka fi jin nauyin zubarwa, kuma shi ne mafi haɗari. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa daga Brazil. Binciken wannan annoba ne ya gano gubar aflatoksin, wadda fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa a gyaɗa da masara. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da aka adana da danshi, 125 suka mutu. Gubar tana lalata hanta, tana jawo ciwon dajinta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Wankewa, shanyawa da niƙawa duk ba sa fitar da ita.

Buhun masara ko gyaɗar da ya yi fumfuna ba na tuwo ba ne, ba na kasuwa ba ne, kuma ba na dabbobi ba ne, domin saniyar da ta ci tana fitar da wani kaso na gubar a nononta. A haƙa rami a binne.

Inda tsoro ke wuce iyaka

A Amurka an yi zamanin da fumfuna ta zama dodo. A 2001 wata kotu a jihar Texas ta ba wa Melinda Ballard diyyar dala miliyan 32 a ƙarar da ta kai kamfanin inshora kan katafaren gidanta da baƙar fumfunar Stachybotrys ta mamaye. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin zuwa kusan miliyan 4, kuma tun farko alƙali bai karɓi shaidar likitocin da ke danganta fumfunar da ciwon mijinta ba. Amma labarin ya riga ya zaga ƙasa. Daga baya aka samu masu ra'ayin cewa wanda fumfuna ta taɓa sa wa ciwo sai ya rabu da duk abin da ya mallaka, har waya da mota. Marubuciyar kimiyya Julie Rehmeyer ta ba da labari a littafinta na 2017 yadda ta bar kayanta ta tafi hamadar Death Valley, ta kuma ce ta samu sauƙi.

Ba wanda ke musun wahalar irin waɗannan marasa lafiya, sai dai manyan hukumomin lafiya ba su ba da shawarar zubar da komai da komai ba. CDC ta ce launin fumfuna ba ya nuna haɗarinta, kuma ba lallai ne a kashe kuɗi wajen gwada irinta ba, tunda kowace iri ce cirewa za a yi. A 2015 ta yi gargaɗi kan gwajin fitsarin da wasu ke sayarwa da sunan gano gubar fumfuna, domin ana samun ɗan burbushinta a fitsarin masu lafiya ma, daga abincin yau da kullum.

Ga kayan da aka rasa yadda za a yi da su, akwai hanya mai sauƙi. A tsabtace, a busar, a keɓe a wani ɗaki na wasu makonni har marar lafiya ya murmure. Sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana barin kwanaki a tsakani. Wanda dawowarsa ta tayar da tari ko atishawa ya nuna kansa. Sharaɗin kawai shi ne kada a ɗaure abu mai danshi a leda a ajiye, domin nan ne fumfuna ta fi samun sakewa.

Ranar kwashe kaya

Marar lafiya ba ya cikin masu aikin, haka yara da mai ciki da tsofaffi. Masu yi su sa takunkumin N95, safar hannu ta roba da tabarau, su buɗe tagogi, su naɗe abin zubarwa a leda tun a cikin ɗaki don kada a bi tsakar gida ana watsa ƙura. EPA ta ce fumfunar da faɗinta bai kai murabba'in mita ɗaya ba mai gida na iya yi da kansa, wadda ta wuce haka a nemi wanda ya san aikin. Mai son amfani da bilic, irin su Jik ko Hypo, kada ya wuce kofi ɗaya a ruwa lita 4, kuma kada ya kuskura ya gauraya shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

A gidan Bahaushe akwai wata magana da ba ta cikin jagorar kowace hukuma. Gado, katifa da kujeru galibi kayan ɗakin mace ne, iyayenta suka yi mata, mallakarta ne. Maigidan da ya sa yara suka fitar da su ba da saninta ba ya tayar da rigimar da ta fi fumfunar wuyar magani. A zauna da ita, a nuna mata bayan kujerar da idonta, a kuma yi maganar yadda za a mayar mata da madadi kafin a ɗaga komai. Idan kuɗin sabuwar katifa bai samu ba tukuna, tabarmar roba da bargo wankakke sun fi wa mai asma tsohuwar.

Saura inda kayan za su. Katifar da aka ajiye a ƙofar gida ba ta kwana, wani zai ɗauka, ko dillali ya sake mata riga ya kai kasuwa. Ba a ba mai aiki ko almajiri ita da sunan sadaka, domin huhunsa bai fi na mai gida ƙarfi ba. Ba a kuma cinna mata wuta a unguwa, hayaƙin soso guba ne. A sa wuƙa a yayyanka ta yadda ba za ta sake kwantuwa ba, a ɗaure a buhu, a kai juji.